Kwana goma da gurmi a hannu: sharhi kan sansanin kiɗa na bakansi a Yamai

A Harobanda, ƙetaren gadar Kennedy, akwai sansanin kiɗa da ake buɗewa cikin watan Agusta, lokacin da ƴan makaranta suke bakansi, ɗakunan kwanansu na zaune babu kowa. Masu shirya shi kan yi hayar wata makarantar kwana mai zaman kanta, su karɓi duk mai son kiɗa ba don neman abinci ba: yaro ɗan shekara 12 da bai daɗe da fara taɓa jita ba, ma'aikaciyar ofis mai rera waƙa a gida, malamin makaranta da ya yi ritaya ya sayi gurmi. Kwana goma ake yi, a ci tare, a kwana wuri ɗaya, ranar ƙarshe a yi wasa gaban iyalai. Kuɗin da ake biya ya ƙunshi makwanci, abinci sau uku da koyarwa. Bai ƙunshi abin kiɗa ba, kowa da nasa yake zuwa, sai ƙwarya da piyano da ake samu a wurin.

Mu masu koyar da kiɗa da gyaran kayansa, ma'auninmu ɗaya ne idan za mu duba irin wannan wuri: awa nawa abin kiɗa yake yi a hannun mutum kowace rana, kuma nawa daga ciki yake kaɗawa tare da wasu. Da wannan ma'auni, sansanin ya ci kuɗinsa. Yana da gyara, amma yawancin gyaran ba na kuɗi ba ne, na tsari ne.

Ga yadda yini yake tafiya. Bayan asuba da karin kumallo, daga bakwai da rabi zuwa tara da rabi kowa yana ajin abin kiɗansa. Daga goma zuwa sha biyu a haɗu ƙungiya-ƙungiya. Daga nan babu kiɗa sai bayan la'asar, kuma wannan doka ce mai kyau, domin hannu da kunne suna bukatar hutu kamar yadda ƙafa take bukata. Daga biyar saura kwata har kusan magariba kowa ya nemi inuwarsa ya maimaita abin da aka ba shi. Bayan isha'i a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, a yi ta kaɗawa har goma da rabi. In aka haɗa, ana samun awa bakwai ko fiye a rana, wato awa 70 a kwana goma. Mai zuwa wurin malami awa ɗaya kowane mako, awa 52 yake samu a shekara, in bai taɓa fashi ba.

Sai dai yatsun sabon hannu ba sa ɗaukar awa bakwai. Mai jita mai tsirkiyar ƙarfe da ya zo ba tare da shiri ba, kafin kwana na uku kan yatsunsa na hagu ya yi bororo, ya kwana biyu yana kallon mutane. Maganinsa a gida yake: mako uku kafin zuwa, a riƙa kaɗawa minti 20 da safe, 20 da yamma, har fatar ta yi kanta. A yanke farcen hannun hagu ƙasa sosai. In bororon ya riga ya fito, kada a fasa shi, a koma ajin ƙwarya ko na waƙa har ya kwanta. Kuma kada wanda jitarsa ta nailan ce ya yarda a ɗaura mata tsirkiyar ƙarfe wai don ta ƙara amo: jan da ƙarfe yake yi ya kusa ninka na nailan, yana ɗaga gadar jitar daga jikinta ko ya lanƙwasa wuyan. Takardar da sansanin yake aika wa masu rajista ba ta faɗi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, alhali layi uku sun isa.

Babban abin da wurin yake sayarwa, ko da masu shi ba su faɗa haka ba, shi ne zaman dare. A ƙasar Hausa kiɗa gado ne. Ɗan makaɗi yana tashi ya ji kalangu tun yana goye, ya bi ubansa biki da suna yana riƙe masa kaya, hannunsa ya faɗa ba tare da an taɓa zaunar da shi an ce yau darasi ba. Ɗan haye ba ya da wannan. Yana iya koyon inda ake sa yatsa daga bidiyon salula, amma ba ya da gidan da kiɗa ke tashi dare da rana. Kwana goman nan aron irin wannan gida ne. A tabarmar dare babu allo, babu takarda. Mai gurmi ya ɗauko zubi, ƙwarya ta shiga, wanda ya iya amshi ya amsa, wanda bai iya ba ya tafa har ya gane inda ake faɗawa. Mutumin da ya shekara yana kaɗawa shi kaɗai a ɗaki, a nan yake fara sanin cewa yana gudu: yana farawa a hankali, kafin baiti na uku ya bar kowa a baya. Babu malamin da zai iya nuna masa wannan kamar yadda mutum takwas masu tafi a gefensa za su nuna masa.

Haɗa manya da yara ma riba ce, ba cikas ba. Dattijo yana zuwa da kunne da tarin kiɗe-kiɗen da ya ji a rediyo da wuraren kokawa tun yana saurayi, yatsunsa ne suka yi nauyi. Yaro yatsunsa kamar walƙiya, amma bai san inda ake numfasawa a cikin waƙa ba. In aka zaunar da su kusa, kowa yana ɗinke ɓarakar ɗan'uwansa. Inda abin yake cijewa shi ne kunya. Yaro ba zai ce wa sa'an kakansa ya kuskure ba, ko da ya ji sarai, sai ƙungiya ta yi ta maimaita kuskure ɗaya. Malaman da suka san aiki ba sa barin wannan a wuyan yara. Su ne suke tsayar da kiɗa, su ce, “Baba, a gafarce ni, mu sake ɗaukowa daga amshi, mu duka.” Kalmar “mu duka” ita ce take rufa wa kowa asiri. Malamai biyu ko uku a wurin sun ƙware da wannan, kuma ƙungiyoyinsu ne suka fi saurin haɗa hannu.

Rabon ƙungiyoyi kuwa yana da rauni. Ana raba mutane ne bisa abin da suka rubuta a takardar rajista, sabon hannu ko matsakaici ko gwani. Wani ya ɗaga kansa, wata ta ƙasƙantar da kanta don kawaici, sai a wayi gari mai shekara biyar tana kaɗawa tana zaune da wanda bai iya saita tsirkiya ba. Sai kwana na huɗu ake gyarawa, bayan kusan rabin lokaci ya tafi. Gwajin minti biyar ranar isowa zai kashe wannan magana: mutum ya saita abin kiɗansa da kansa, ya tafa tare da na'urar ƙidayar bugu a kan 80 na minti ɗaya ba tare da ya zame ba, sannan malami ya kaɗa gajeren zubi ya maimaita da kunne. Wanda ya ci uku, wanda ya ci biyu, wanda ya ci ɗaya, ga ƙungiyoyi sun fito da kansu.

Ajin haɗa kayan gargajiya da na zamani shi ne ya fi kowane amfani, shi ne kuma ya fi wuya, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. Makaɗin goge ko gurmi yana saita tsirkiyarsa ne da muryar mawaƙi: in murya ta sauka yau, ya sassauta. Piyano kuma an kafe shi a kan La 440, wato tsayayyar muryar da ake saita kayan kiɗan zamani da ita, malaman jita suna magana da do, re, mi, tsirkiya shida a jere Mi, La, Re, Sol, Si, Mi. In aka haɗa su ba tare da shiri ba, kowa daidai yake a wurinsa, amma abin da yake fita ba ya saurarawa. Ƙa'idar da ake koyarwa a nan daidai ce: wanda ba ya iya motsawa shi yake ba da murya. In akwai sarewa, ita ce ta farko, domin ramukanta an riga an huda su. Piyano ya bi ta, tun da yawancin na lantarki suna da maɓallin ɗaga murya ko sauke ta, har da na gyaran ƙanƙanin bambanci. Sannan jita, sannan gurmi da goge. In babu sarewa, mawaƙi ya rera baiti ɗaya, a nemo muryarsa a piyano, kowa ya bi.

Bayan saiti akwai matsala ta biyu. Yawancin waƙoƙinmu a kan murya biyar suke tafiya, ba bakwai ba. Mai piyano da ya koya daga littafi yakan danna murya uku a haɗe, ta tsakiyar kuwa sau da yawa ba ta zama daidai da inda goge yake bi, sai a ji kamar ana jayayya. Abin da ake sa shi ya yi shi ne ya cire ta tsakiyar, ya riƙe tushe da ta biyar kawai, ko ya bar haɗawa gaba ɗaya ya kaɗa gajeren zubi mai juyawa kamar yadda molo yake yi. Cikin kwana biyu ana jin bambanci. A wajen bugu kuma, masu jita suna ruɗewa idan kiɗa ya zo a shida-shida, inda ƙwarya take ƙirga uku, tafi yana ƙirga biyu a lokaci guda. Malamin ƙwarya ba ya bayani da baki. Yana tayar da su tsaye, ƙafa ta taka biyu, hannu ya tafa uku, su yi ta zagaya tsakar gida har jiki ya karɓa, sannan a koma kan tsirkiya. Ita ƙwaryar a kan bargo mai ninki ake kifa ta, ba a kan siminti ba: dunƙulen hannu a tsakiya yana ba da amo mai zurfi, yatsu ko zobba a gefe suna ba da mai kaifi, bargon kuma shi yake hana ta zamewa da tsagewa.

Agusta shi ne watan da ruwa ya fi sauka a Yamai, kuma fata ba ta son laima. Nan ne sansanin ya fi ba mu haushi, domin ɗakin ajiyar kaya ba ya da taga, ana jibge komai a ƙasa. Goge ƙoƙo ne da aka rufe da fatar guza, tsagiyarsa da izgarsa gashin wutsiyar doki ne. In ya kwana cikin laima, fatar ta saki, jakin da yake ɗauke da tsagiya ya nutse, amo ya mutu. Kalangu ma haka, fata ta yi laushi, tsirkiyoyinsa na fata su miƙe, a matse shi a hammata ya ƙi magana. Gyaran safe sananne ne: a kai shi rana na ɗan lokaci, in babu rana a kanga shi da garwashi daga nesa, kamar kamu biyu, ana juyawa ana ƙwanƙwasawa da yatsa har amo ya tashi. Minti ɗaya ko biyu ya isa. Wanda ya matsa kusa ko ya ajiye ya tafi shan shayi, zai dawo ya tarar fata ta tsage, kuma ba a samun fatar guza a sa ta a yini ɗaya. A goga ƙaro a izga kafin a fara, kada a taɓa gashin da hannun da ya ci maiƙo, domin izga mai maiƙo santsi kawai take yi a kan tsagiya. Da dare a rataye kayan fata a ƙusa cikin jakar yadi, ba ta leda ba, don leda tana riƙe gumi har fumfuna ta fito. Ƙusa ashirin da igiya ɗaya sun ishi ɗakin nan, kuma har yanzu ba a kafa su ba.

Masu jita su zo da cikakken saitin tsirkiya na ajiya, da ƙarin ƙaramar Mi guda biyu, ita ce mai yawan tsinkewa. Gumi da laima suna sa tsatsa cikin ƴan kwanaki, don haka a share tsirkiya da busasshen ƙyalle duk lokacin da aka gama.

Sai wuta. Idan ta ɗauke aka tayar da gurup, wato injin ba da wuta, bugun farko yakan zo da ƙarfi, shi yake ƙona adaftar piyano da amfuli. Da zarar wuta ta tafi a zare komai daga bango, a jira injin ya daidaita, sannan a mayar, kuma gara a bi ta regilata. Ƙananan piyano da yawa suna aiki da batir shida masu girman yatsa, duk mai irinsu ya zo da saiti biyu. Azuzuwan na siminti ne da rufin kwano, amo yana bugun bango ya dawo, in ruwa ya sauka kuwa ba mai jin kowa, sai kowa ya ƙara murɗa amfulinsa. Wannan yana cin kunne. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata suke amfani da shi shi ne amo mai ƙarfin desibel 85 na awa takwas, duk ƙarin uku kuma yana raba lokacin biyu, ta yadda a desibel 100 minti 15 ne kawai. Ganga da algaita a rufaffen ɗaki suna kai wa nan. Wanda ya kwanta kunnensa yana ƙara, ya wuce iyaka a ranar. Abin toshe kunne na soso yana da araha a farmasi, a saya wa yara musamman. Ajin kalangu an fitar da shi ƙarƙashin dogon yaro, kuma can ne wurinsa.

Makwanci ba laifi. Maza da mata kowa da ɓangarensa, mutum huɗu zuwa shida a ɗaki, yara suna da mai kwana da su, mata suna da uwar ɗaki da ake kai wa kuka. Ana tsayar da komai lokacin salla. Kogi yana kusa kuma damina ce, don haka kowa ya zo da sangensa da igiyar ɗaurawa, kada ya dogara da na wurin. Zazzaɓi in ya zo, a je a yi gwaji a ranar, kada a ce gajiya ce. Abinci na gida ne: koko da ƙosai, shinkafa da wake, dambu da zogala, tuwo da miyar kuka. Yana isa, sai dai tuwon dare yana zuwa dab da zaman tabarma, mai sarewa da mawaƙi kuwa ba sa numfashi da cikakken ciki, su ci rabi su ajiye rabi. Mawaƙa su ne suka fi faɗuwa a tsakiyar sansani, murya takan dishe saboda suna ja-in-ja da amfuli. Minti goma na ɗumama murya da baki rufe kafin a buɗe ta, ruwa a kai a kai, in ta dishe a yi shiru yini guda. Raɗa ba hutu ba ce, tana gajiyar da maƙogwaro ita ma.

Dokar salula tana da kyau: ana iya naɗar darasi da izinin malami, amma ba a sa hoton kowa a Facebook ko TikTok sai ya yarda, na yara kuma sai iyaye sun yarda. Matan aure da yawa ba za su zo ba in ba don wannan ba.

Abin da ya rage mana ƙwarin gwiwa shi ne yadda jita ta mamaye wurin. Samari suna zuwa da salon Agadas a kunne, kowa yana son ya zama Bombino, sanannen makaɗin jitar nan na Agadas, kuma ba laifi ba ne. Amma malamin goge yakan zauna da ɗalibai ƙalilan, alhali garin da ake ciki yana da abin da zai juyo da hankalin yaro. Cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya, wadda aka buɗe a 1989, tana nan Yamai da tarin kayan kiɗan gargajiya na ƙabilun ƙasar. Marigayi Malam Mamman Barka, wanda ya rasu a 2018, da gurmi ya yi suna kafin ya je tafkin Cadi ya koyo biram, mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale, daga hannun ƴan ƙabilar Buduma. Imzad, gogen matan Abzinawa, yana cikin jerin al'adun gado na UNESCO tun 2013. Gasar kiɗa ta Ɗan Gurmu da aka fara a Tawa a 1987 sunan makaɗin gargajiya na Adar take ɗauke da shi. Yamma ɗaya ta isa a ƙetara gada da yara a nuna musu waɗannan kaya da idonsu, su ji labarinsu. Ba a sa wannan a tsarin ba, kuma ya kamata a sa.

Shirin wasan rufewa yana cinye kwana ukun ƙarshe. Kowace ƙungiya tana ɗaukar waƙa huɗu ko biyar, lokaci ya ƙure, sai ranar wasa a ga malami ya karɓi jita yana rufe ɓaraka, ɗalibin da ya biya kuɗi yana tsaye a baya yana tafi. Waƙa biyu sun ishi ƙungiya, malami ya tsaya a gefe, in an zame a sake ɗaukowa. Iyayen da suka zo ba gwaninta suka zo gani ba, ɗansu suka zo ji.

Wanda ya fi cin riba a nan shi ne mai wata shida zuwa sama yana taɓawa, ya iya saita abin kiɗansa, yana da waƙa biyu ko uku a hannu. Wanda bai taɓa riƙe komai ba ya shiga ta ƙofar ƙwarya ko waƙa, zai samu shiga ƙungiya tun daren farko. Kafin a biya, a tambayi mutum nawa ne a hannun kowane malami. In sun wuce takwas a ajin tsirkiya, awa biyu ba za ta kai kan kowa ba.

Masu tasowa daga Tawa, tafiyar ta haura kilomita 500 ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Kada a yarda a sa goge, gurmi ko jita a ƙasan mota tare da buhuna. A sassauta tsirkiya kaɗan, a cire jakin goge a ƙulle shi a ƙyalle cikin aljihu, a naɗe ƙoƙon da zane, a riƙe shi a cinya. Ƙwarya kuwa ba sai an ɗauko ta ba, mai son tasa ta kansa akwai ta a kasuwar Katako: a zaɓi mai kauri, a kifa ta a ƙwanƙwasa ko'ina, wadda ta yi amo biyu tana da tsagar da ido bai gani ba.